Na samu gurbin jami'a: da me zan fara don kada shekarun su wuce a banza?

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya nufa na samu gurbin karatu a jami'a, digirin shekara huɗu, kuma nan da mako uku za a fara rajista. Duk wanda na tambaya sai ya ce min in dage da karatu, in kiyayi abokan banza. Na ji na kuma gode, amma wannan bai gaya min abin da zan yi ranar Litinin da safe ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su yi min bayani dalla-dalla: me ya fi muhimmanci a shekarar farko, awa nawa ya kamata in riƙa karatu, kuma ban da takardar digiri, me ya kamata mutum ya fito da shi?

Mai_Duba_Sakamako ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. Zan tsaya a kan lissafin maki, don shi ne abin da sababbin ɗalibai ba sa ganewa sai aski ya zo gaban goshi.

Kowane kwas yana da nauyinsa, shi ake kira yunit. Wani kwas yunit 1 ne, wani 2, wani 3 ko 4. Sakamakon da ka samu kuma yana da makinsa. Wasu jami'o'in ma'auninsu 4 ne, wasu 5, don haka ka duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku tun makon farko. Zan yi misali da ma'aunin 5, inda A take da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifiri. Ana ninka makin sakamako da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka na zangon.

A ce ka ɗauki kwas shida. Mai yunit 3 ka samu A, maki 15 ke nan. Wani mai yunit 3 ka samu C, 9. Biyu masu yunit bibbiyu ka samu B a kowanne, 8 da 8. Mai yunit 4 ka samu D, 8. Mai yunit 1 ka samu A, 5. Jimilla maki 53 a kan yunit 15, ya ba ka 3.53. To duba nan: da kwas ɗin nan mai yunit 4 ka ɗaga shi daga D zuwa B, da ka tashi da 61 a kan 15, wato 4.07. Shi kuwa mai yunit 1, ko da ya sauko daga A zuwa C, 3.40 za ka samu, ragin bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai da yawa suna raba lokacinsu daidai wa daida tsakanin kwasa-kwasai, ko ma su fi ba wa mai sauƙi lokaci saboda ya fi daɗin karantawa. Kuskure ne. Ka raba lokacinka gwargwadon nauyin kwas da wahalarsa.

Abin da ya sa shekarar farko ta fi kowace nauyi shi ne, makin ana tara shi ne tun daga zangon farko har na ƙarshe, ba a share na baya. A ce zango takwas ne, kowanne yunit 18, jimilla 144. Wanda ya gama shekarar farko da 2.50 ya tara maki 90 a kan yunit 36. Idan yana son fita da 3.50, sai ya riƙe 3.83 a duk shekaru ukun da suka rage, ba faɗuwa ko sau ɗaya. Idan 4.50 yake nema, lissafi ya ce sai ya samu 5.17, abin da ba ya yiwuwa a ma'aunin 5. Ƙofar ta rufu tun yana ajin farko, shi bai ma sani ba. Wanda kuwa ya fara da 4.00, 3.33 ta ishe shi ya fita da 3.50, kuma 4.50 ɗin ma tana nan a buɗe in ya riƙe 4.67. Kuma kwasa-kwasan ajin farko su ne mafi sauƙi da za ka gani, yawancinsu ɗori ne a kan abin da ka sani daga sakandare. Da sanyin safiya ake kama fara.

Faɗuwa a kwas ta fi yadda ake zato tsada. A jami'o'i da yawa F ba ta gogewa ko ka sake kwas ɗin. Mai yunit 3 da ka faɗi, ka sake ka samu C, za a lissafa maka yunit 6 da maki 9, tamkar ka samu 1.5 a duka biyun. Ga shi kuma zai ci maka gurbi a rajistar baɗi, lakcarsa ta yi karo da ta sabon ajinka, in kuma shi ne sharaɗin ɗaukar wani kwas na gaba, ya tare maka hanya.

Sai makin gwaji da aikin gida da ake tarawa kafin babbar jarrabawa. Yawanci kashi 30 ne ko 40 cikin 100. In 30 ne kuma A tana farawa daga 70, wanda ya samu 12 sai ya ci 58 cikin 70 a jarrabawa, kusan kashi 83 ke nan. Wanda ya samu 25, 45 kawai yake buƙata, kashi 64. Gwajin da ake yi a mako na biyar ko na shida, wanda mutane ke shiga ba shiri, shi ke yanke wannan.

Game da rajista: kada ka rubuta jarrabawar kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, kada kuma ka bar sunanka a kan kwas ɗin da ka daina zuwa, don na farko ba za a lissafa maka ba, na biyun F za ta fito. Akwai wa'adin ƙarawa da cire kwas, ka san ranar da yake rufewa. Duk takardar da aka sa wa hannu ka ɗauki hotonta, ka ajiye kwafi. In sakamako ya fito babu naka, ka kai ƙorafi a rubuce cikin makon, kada ka bari sai shekarar fita, lokacin da mai kwas ɗin wataƙila ya bar wurin.

Malamar_Aji ta amsa:

Sannu ɗana, Allah ya sa albarka. Malam ya gama da maki, ni bari in ɗauki tambayarka ta awa nawa.

Tsohuwar ƙa'idar da jami'o'in Amurka ke bi ita ce, kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar awa biyu ta karatu a waje. A tsarin Turai kuma ana ƙiyasta aikin ɗalibi na shekara guda da awa 1,500 zuwa 1,800. Mako yana da awa 168. In kana da awa 18 ta aji, ka ƙara 36 ta karatu, 54 ke nan. Barci awa 8 kullum ya ci 56. Saura 58 na ibada, wanka da wanki, zirga-zirga, hutu da zumunci. Ka ga lokaci yana nan, sai dai yana zubewa ne a gutsattsarin da ke tsakanin lakca da lakca. Awa biyun nan da ke tsakanin lakcar ƙarfe goma da ta ƙarfe ɗaya, in ka tara su a mako za su iya kai awa goma. Wanda ya wuce laburare a wannan lokacin ba ya buƙatar kwana a aji da dare.

Amma yawan awa ba shi ne magana ba in hanyar karatun ba ta da kyau. Yawancin ɗalibai abin da suke kira karatu shi ne maimaita karanta littafi da ja wa layuka layi. Yana da daɗi, domin a karo na uku komai ya zama sananne a ido, sai mutum ya ɗauka ya iya. Ganewa idan an gani daban, tunowa idan babu littafi daban, kuma jarrabawa ta biyun take tambaya. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan kwana biyu, da bayan mako guda, masu gwada kansu suka wuce su. A 2013 kuma Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke amfani da su, biyu kaɗai suka samu babban matsayi: gwada kai, da rarraba karatu a kan kwanaki. Ja wa layi da maimaita karatu suna cikin na ƙasa.

Ga yadda za ka yi da wannan a aikace. Shafin littafinka ka ja masa layi daga sama zuwa ƙasa, ka bar kamar santimita 6 a hagu, ka kuma bar kamar santimita 5 a ƙasa. Wannan tsari Walter Pauk ne ya fito da shi a Jami'ar Cornell. A aji ka yi rubutu a ɓangaren dama kawai, kuma kada ka yi ƙoƙarin kwafe duk abin da malami ya faɗa. Ka kama ma'anoni, misalai, da duk abin da ya maimaita ko ya rubuta a allo. A ranar, kafin ka kwanta, ka ɗauki minti goma sha biyar ka rubuta tambayoyi a hagu, kowace tambaya daidai da amsarta a dama, sannan ka taƙaita shafin da layi biyu ko uku a ƙasa da kalmominka. Dalilin cewa a ranar: tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya take lafawa. Rubutun da ka bari sai bayan mako uku, za ka buɗe shi kamar wani ne ya rubuta.

Daga nan sai bita: ka rufe dama da takarda, ka amsa tambayoyin hagu da baki ko a rubuce, sannan ka buɗe ka duba. Ka yi washegari, ka sake bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Abin da ka ci ka nisanta bitarsa, abin da ka faɗi ka dawo da shi kusa. In abin haddacewa ne da yawa, kamar sunayen ƙasusuwa ko sassan doka ko kalmomin wani harshe, ka yi ƙananan katuna, tambaya a gaba amsa a baya, ko ka sa manhajar Anki ta riƙa tsara maka ranakun. Kwas ɗin lissafi kuwa ba a karanta shi, aiki ake yi. Ka rufe misalin da aka warware, ka warware da kanka, in ka maƙale ka duba layi ɗaya kawai ka sake rufewa.

Wannan hanya za ta yi maka wuya fiye da karatun da ka saba, za ka riƙa jin kamar ba ka iya komai ba. Wahalar tunowar ita ce take kafa abin a kai, kada ta sa ka koma tsohuwar hanya. Tsoffin tambayoyin jarrabawa ka nemo su tun mako na uku, ba daren jarrabawa ba, ka duba irin kalmar da malamin ke so: "lissafo" ce, ko "kwatanta", ko "tattauna". Ɗalibi yakan san abu sarai amma ya zubar da maki saboda an ce ya kwatanta abu biyu, shi kuma ya yi bayanin kowanne shi kaɗai.

Tsohon_Ɗan_Laburare ya amsa:

Malama, Allah ya ƙara sani. Ina tare da ke a komai sai dai awa 36 ɗin nan, ina tsoron kada yaro ya ɗauke ta a matsayin farilla, ya kasa a mako na biyu, ya watsar da jadawalin gaba ɗaya. Ƙanena, ka fara da awa uku a rana na karatun gaske, waya tana cikin jaka a kashe, ka riƙa ƙarawa. In zama yana yi maka wuya, ka yi minti 25 ka huta 5, bayan zagaye huɗu ka yi dogon hutu. Kuma jadawali ya faɗi aikin da za a yi. "Kimiyyar sinadarai, ƙarfe huɗu" ba ya aiki. "Tambaya ta 1 zuwa ta 10 a babi na uku" shi ke aiki, don ka san lokacin da ka gama.

Barci kuma kada ka taɓa shi. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Mai kwana karatu daren jarrabawa yana shiga da abin da ya haddace sama-sama, ga gajiyar da ke sa a karanta tambaya a baibai.

Ƙungiyar karatu kada ta wuce mutum uku zuwa biyar, kowa ya zo ya riga ya karanta, a yi ta jefa wa juna tambaya. In mutum ɗaya ne ke bayani sauran suna gyaɗa kai, shi kaɗai ke ƙaruwa.

Dattijon_Sashe ya amsa:

Ɗana, tambayarka ta uku ita ce aka fi sakaci da ita. Ranar da ka fita za a tambaye ka abu uku: me ka samu, me ka iya, wa ya san ka. Na farko an yi maka bayani.

Wa ya san ka: duk neman tallafin karatu ko digiri na biyu sai an nemi wasiƙar shaida daga malamai, yawanci biyu ko uku. Malamin da bai san ka ba zai rubuta layi huɗu cewa ka yi kwas ɗinsa ka ci, irin wasiƙar da ba ta buɗe ƙofa. Don haka tun aji biyu ka zaɓi malamai biyu da fanninsu ya ja hankalinka. Ka je ofis a lokacin da suka ware wa ɗalibai, da tambaya takamaimiya: ga inda na karanta, ga abin da na gwada, ga inda na tsaya. Kada zuwanka na farko ya zama roƙon maki. In kana aika saƙon imel, ka sa lambar kwas a kan saƙon, ka faɗi cikakken sunanka da ajinka, buƙata ɗaya a layi uku ko huɗu. A aji uku ka tambayi ɗayansu ko akwai aikin bincike da za ka taimaka, ko da shigar da bayanai a kwamfuta ne. Idan lokacin wasiƙa ya zo, ka ba shi aƙalla mako uku, tare da sakamakonka da bayanin abin da kake nema.

Abokan karatu ma haka. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama fiye da aminansa, saboda aminanka abin da ka sani shi suka sani, na nesa kuwa suna yawo a wasu da'irori. Ka san 'yan ajin da ke gabanka, ka san mutane a wasu tsangayoyi. Ƙungiya ɗaya ko biyu sun isa, amma ka riƙe aiki a ciki, kamar rubuta bayanan taro ko riƙe asusu ko shirya taro. Suna a rajistar ƙungiya shida ba ya koya wa mutum komai. A zangon farko ma ka dakata da neman muƙami har ka ga sakamakonka. Duk ƙungiyar da ke taro a ɓoye ko take neman rantsuwa, ka yi nesa da ita, ko wa ya gayyace ka.

Me ka iya: ka zaɓi fasaha ɗaya a kowace shekara ka kai ta inda za ka nuna aiki. Shekarar farko buga rubutu da sauri da sarrafa Word da Excel, har ka iya tsara dogon rubutu da yin lissafi a tebur. Ta biyu rubutu mai tsabta da magana a gaban jama'a. Ta uku manhajar da ake aiki da ita a fanninka, ka tambayi masu aikin wace ce. Dogon hutu uku ne tsakanin shigarka da fitarka, ka yi aƙalla biyu a wurin aiki na gaske ko da ba biya, ka fara nema wata uku kafin hutun. Duk abin da ka yi ka rubuta shi a fayil guda a lokacin, da kwanan wata da sunan wanda ya kula da kai, don bayan shekara uku ba za ka tuna ba.

Sabon_Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na kwafe lissafin nan a littafi. Saura abu ɗaya: ana ta tsorata mu da kundin bincike na shekarar ƙarshe. Akwai abin da zan fara tun yanzu, ko sai lokacin ya zo?

Malamar_Aji ta amsa:

Akwai, ɗana, kuma ba shi da wahala. Kundi yana kayar da mutane ne ta hanya uku: taken da ya yi faɗi, rashin sanin inda aka ɗauko magana, da ɓacewar fayil.

Taken sai aji uku za ka fara tunaninsa, amma tun yanzu ka ware shafi a bayan littafi, duk tambayar da malami ya ce ba a gama warware ta ba, ko wadda ta tsaya maka a rai, ka rubuta. Take mai kyau shi ne wanda za ka iya faɗa a jimla ɗaya, ka kuma san inda bayanansa suke da yadda za ka same su cikin wata biyu ko uku.

Na biyun tun aikin gida na farko ake koyonsa. Ka je zagayen da laburare ke yi wa sababbin ɗalibai, ka karɓi lambar shiga rumbun mujallun da jami'a ke biya, ka koyi nema a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike. Ka sauke Zotero, kyauta ce, tana ajiye sunan marubuci da shekara da sunan mujalla, ta kuma jera maka su a salon da sashenku ke so. Idan kana ɗaukar bayani, maganar da ka kwafo kalma da kalma ka sa ta cikin alamar zance nan take da lambar shafi. Yawancin waɗanda ake kamawa da satar rubutu ba da niyya suka fara ba: sun kwafo sakin layi don su gyara daga baya, bayan wata biyu suka manta ba nasu ba ne. Jami'o'i da yawa suna sa kundi a manhaja mai gano satar rubutu irin Turnitin, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga soke aikin ko kora. Haka manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa, ka tambayi ƙa'idar kowane malami kafin ka taɓa su, kuma duk madogarar da suka ba ka ka nemo ta da kanka, don suna ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su.

Fayil kuma ka ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a filashi, da ɗaya a intanet kamar Google Drive ko ka aika wa kanka ta imel. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan fayil duk ranar da ka yi babban gyara, don in mai duba aikinka ya ce ka dawo da sashen da ka goge a watan jiya, ka san wanda za ka buɗe.